A Yi Magana Kafin A Kwance Inji

Duk wanda ya saba bin babbar hanyar nan da ta taso daga Ikko ta ratsa Badun da Ilori da Jebba da Kwantagora, ta nufi Koko da Jega har Sakkwato, ya san cewa Yelwa zango ne. A nan direba kan tsaya ya sha mai, ya duba ruwan lagireto, ya ƙwanƙwasa tayoyi kafin ya ci gaba. A nan ne kuma albasar bakin Kwara da shinkafa da kifin Tafkin Kainji ke hawa mota zuwa kasuwannin kudu da na arewa. Mutanen Wara da Birnin Yawuri da ƙauyukan Shanga, in abin hawansu ya yi ciwon da ya fi ƙarfin mai gyaran ƙauye, galibi Yelwa suke nufa. Saboda haka abin da ke faruwa a garejin wannan gari ya shafi aljihun jama'a da yawa, wani lokaci ma har da rayukansu.

Kukan da masu motoci ke yi da wasu kanikawa tsohon kuka ne, kuma ba a Yelwa kaɗai ake jin sa ba. Mutum ya kai mota tana ɗan cijewa in ya taka totur, a ce masa sai an sauke inji. Wani ya kai don juyen baƙin mai, ya komo ya tarar an kwance ƙafar gaba, ana jera masa sunayen abubuwan da aka ce duk sun mutu. Wani kuma a karɓi kuɗin sabon famfon mai a hannunsa, a wanke tsohon da fetur a mayar masa. Ba za a yi wa masu gyara kuɗin goro ba, domin akwai dattawan kanikawa da suka tsufa cikin wannan sana'a ba wanda ya taɓa kama su da algus, su ne ma suka fi kowa jin zafin ɓacin sunan. Amma zagin makaniki a tasha bai taɓa gyara komai ba. Abin da ya kamata a duba shi ne yadda cinikin kansa yake tafiya, domin a nan ɓarakar take.

A asibiti likita ne ke duba mara lafiya, amma ba lalle ne shi ke sayar da maganin ba. A gareji kuwa mutum guda ne ke faɗin ciwon, shi ke zuwa kasuwa sayen kayan gyara, shi ke ɗaurawa, shi ne kuma zai ce aiki ya yi kyau. Mai mota nasa biya ne kawai. Galibi ladan aikin hannu da ake ba makaniki bai taka kara ya karya ba, don haka ribarsa ta koma kan abin da zai samu wajen sayen kaya, ko dai ƙarin da zai yi a kan farashi, ko la'adar da mai shago zai miƙa masa ta bayan fage. In abincin mutum ya rataya a kan yawan kayan da ya canja, to, za a yi ta canja kaya ko da lafiyarsu lau.

Kada a ɗauka talauci ne ko rashin ilmi kaɗai ke kawo haka. A 1992 hukumar kare masu saye ta Jihar Kalifoniya a Amurka ta tuhumi kamfanin Sears, wanda a lokacin yake da garejin gyaran mota barjat a ƙasar, da laifin ɗora wa mutane gyaran da ba su bukata. Jami'an hukumar sun riƙa kai motoci a ɓoye, waɗanda sun riga sun san ɗan gyaran birki kawai suke so, amma a mafi yawan lokuta sai a ce a canja wasu abubuwan da ba abin da ya same su. Da aka bi sawu sai aka ga cewa kamfanin ya mai da ma'aikatansa kan kamasho, har yana ƙayyade musu yawan kayan da za su sayar. A wannan shekara kamfanin ya soke tsarin, ya kuma yarda ya biya dala miliyan 8 don a kashe maganar a Kalifoniya. Ma'aikatan nan suna da takardun shaida da kayan aiki na zamani, amma kamasho ya kai su inda yake kai yaron gareji a bakin tasha.

A da can abin da ɗan sauƙi. Lokacin da kamfanin Peugeot ya fara harhaɗa motoci a Kaduna a 1975, har Fijo 504 ta cika hanyoyin arewa, direban kirki ya san motarsa ciki da waje. Ya san kafireto, ya san fulogi, da kunne yake gane inda ƙara ke fitowa, saboda haka da wuya makaniki ya yi masa rufa ido. Bayan 1986, da gwamnatin Janar Babangida ta kawo shirin gyaran tattalin arziki darajar Naira ta faɗi, sai sabuwar mota ta fi ƙarfin ma'aikaci da ɗan kasuwa, aka koma kan tsofaffin motocin Turai da Amurka masu shigowa ta Kwatano da Ikko. Su kuwa waɗannan motoci sannu a hankali suka zama masu ƙwaƙwalwa. Tun daga 1996 duk motar da za a sayar a Amurka sai tana da kafar da ake jona na'urar bincike, Turai kuma ta bi sawu a kan motocin fetur a 2001. Mai mota ya daina gane abin da ke ƙarƙashin bonet, kuma gaskiyar magana ita ce kanikawa da dama ma sun daina ganewa. Wani ɓangare mai yawa na gyaran banza daga lalube yake fitowa: a canja wannan a gani, in bai yi ba a canja wancan, mai mota ne ke biyan kuɗin karatun makaniki. Tun da aka cire tallafin fetur ran 29 ga Mayu 2023, aka kuma saki Naira a watan da ya biyo, kayan gyaran da ake kawowa daga Ladipo a Ikko ko Ƙofar Ruwa a Kano ko Fanteka a Kaduna suka yi tsadar da kowane lalube guda kan cinye ribar tafiya sukutum.

Akwai wasu gyare-gyaren da ya kamata mai mota ya tsaya ya yi tambaya da zarar ya ji an ambace su. Babba a cikinsu shi ne sauke inji. Hayaƙin da ke fita daga salansa yana da harshe: shuɗi na nuna inji na ƙona baƙin mai, baƙi na nuna fetur ya yi yawa, fari mai kauri tare da raguwar ruwan lagireto kuwa galibi gasket ne. Baƙin hayaƙi sau da yawa ba ya bukatar a taɓa ringi ko fistin, ana iya samun matsalar a matatar iska ko nozul. Akwai ɗan ma'auni da ake ɗaurawa a gurbin fulogi ya nuna ƙarfin matsin kowane silinda, aikin da ba ya cin sa'a guda. Makanikin da ya yanke hukuncin sauke inji bai yi wannan awo ba, ko dai bai sani ba, ko kuma ya sani ya ƙi, kuma injin da aka buɗe a kan ƙasa cikin ƙurar hunturu da wuya ya koma yadda yake.

Sai maganar zafin inji, wadda a ƙasa mai zafi kamar Yawuri ba direban da bai gamu da ita ba. An saba a ce wa mai mota tamostat na ƙasar sanyi ne, a cire a jefar, a jona fanka kai tsaye ta yi ta juyawa. Alhali an ƙera inji ne ya yi aiki a wajen digiri 90 na zafi, in ya kasa kaiwa nan sai ƙwaƙwalwar mota ta ɗauka har yanzu safiya ce, ta yi ta ƙara fetur. Mai mota ya biya kuɗin cirewa, sa'an nan ya ci gaba da biya a gidan mai kullum, ainihin ciwon kuwa, watau lagireton da ruwan rijiya ko na kogi ya toshe da tsatsa, ko murfinsa da ya saki, ko famfon ruwa da ya gaji, yana nan daram. Haka kuma fitilar gargaɗi da ke kamawa a gaban direba. Na'urar bincike tana nuna sashen da ke kuka ne kurum, ba ta cewa a sayi sabo, domin sau da yawa waya ce ta tsinke ko soket ya yi datti. Wasu ma ba su tsayawa wahala, ƙwan fitilar suke cirewa a ce an gyara.

Akwai kuma wanda sata ce tsagwaronta. A cikin bututun salansa akwai wani abu mai kama da saƙar zuma da ke tace hayaƙi, wanda 'yan gareji ke kira indomi. Yana ɗauke da ɗan burbushin ƙarafa masu tsada irin su filatinam, shi ya sa yake da kasuwa. Sai a ce wa mai mota ya toshe, a fasa a kwashe, a yi walda a rufe, ba a ko nuna masa abin da aka cire ba. Yakan toshe da gaske wani lokaci, amma ko ya toshe dukiyar mai mota ce.

Masu motoci su ma suna da nasu laifin, kuma kanikawa ba su yi ƙarya ba in suka faɗa. Akwai mai cewa a lallaɓa masa birki ya kai Jega ya dawo, har a kai ga toshe bututun man birki na ƙafa guda don a tsai da yoyo, mota cike da fasinja ta hau hanya da birkin ƙafa uku. Akwai mai sayo jabun kaya don araha, in ya lalace cikin mako ya ce makaniki ne. Akwai mai karɓar mota ya ce zai aiko da kuɗin aiki, sai an gan shi. Wanda ya saba murƙushe ladan makaniki shi ne ke tura shi neman ribarsa a ɓoye. Makanikin da ya ƙi lallaɓa birki ya ce sai dai a kai wani wuri, wannan shi ne abin riƙewa, ko da bakinsa ba daɗi.

Maganin da ya fi kusa shi ne a raba faɗin ciwo da gyaran ciwo. Mai mota ya biya ladan dubawa daban, ko da ba a nan za a yi aikin ba, domin wanda aka biya don ya faɗi gaskiya ba shi da dalilin ƙara gishiri. In gyaran babba ne ya je ya ji ta bakin wani makaniki na biyu, ba tare da ya gaya masa abin da na farko ya ce ba. A yanke kuɗin kaya da kuɗin aiki kowanne da bakinsa kafin a ɗora sifana, a rubuta ko da a bayan kwali ne, in kuma an buɗe an ga wani sabon ciwo a kira shi a waya kafin a taɓa. Ya bi makaniki shago ko ya tura wanda ya yarda da shi, ya karɓi rasit, ya kuma ce tun farko yana son tsohon abin da aka cire a sa masa a but. A Kalifoniyar da aka ambata, tun 1971 doka ta wajabta rubutaccen ƙiyasi, da neman izinin mai mota kafin a ƙara wani aiki, da mayar masa da tsofaffin kaya in ya nema. Da wannan doka aka samu abin kama Sears.

Wannan ma ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. Malaman Malikiyya sun daɗe da tsai da cewa mai sana'ar da ya karɓi kayan mutane ya keɓe da su a wurin aikinsa shi ke da lamuninsu in sun ɓace ko sun lalace, kuma duk ɗalibin da ya karanta Risala ta Ibn Abi Zaid ya ci karo da wannan hukunci. A al'ada kuma kowace sana'a tana da shugaban da ake kai wa ƙara, maƙera da Sarkin Maƙera, mahauta da Sarkin Pawa, a bakin kogi ga Sarkin Ruwa. Sana'ar kanikanci ta zo daga baya, ta kuma bunƙasa fiye da yawancinsu, amma mai motar da aka cuta sau da yawa bai san ƙofar da zai ƙwanƙwasa ba.

Gaskiya ne akwai hukumar tarayya mai kare haƙƙin masu saye, watau FCCPC, wadda dokar da Shugaba Buhari ya sa wa hannu a farkon 2019 ta kafa a madadin majalisar da aka yi tun 1992. Amma hedkwatarta tana Abuja, kuma manomin Shanga ba zai bar gonarsa ya bi takarda a kan kuɗin famfon mai guda ba. Wanda ya fi shi shiga uku ma shi ne baƙo, direban da motarsa ta tsaya a Yelwa da dare da lodin albasa ko ɗanyen kifi. Ba shi da lokacin jin bakin makaniki na biyu, kayansa na lalacewa, kuma mai gyaran ya san ba lalle su sake haɗuwa ba. Irin wannan direba in ya isa Kwantagora ba sunan makanikin zai faɗa ba, sunan garin zai faɗa.

Saboda haka aikin na mutanen gida ne. Kanikawan Nijeriya suna da ƙungiya, NATA, mai rassa a jihohi, direbobi ma suna da tasu a kowace tasha. Babu abin da zai hana shugabannin ɓangarorin biyu su zauna da majalisun ƙananan hukumomin Yawuri da Ngaski da Shanga, tare da sanin Masarautar Yawuri, su amince da 'yar takarda guda da kowane gareji zai riƙa cikewa: ciwon da aka gani, kayan da za a saya, kuɗin aiki, da kwanakin da makaniki ya ɗauki lamunin aikinsa. A kafa allo a bakin tasha mai ɗauke da wurin da ake kai ƙara, a kuma zaɓi dattawan sana'ar uku ko huɗu da za su riƙa duba motar da aka yi gardama a kanta, su ci tarar mai laifi, makaniki ne ko mai mota. Masu gyaran babura da injinan jiragen ruwa na bakin tafki su ma a shigar da su, domin cinikin iri ɗaya ne. Kuɗin buga takardar bai kai na taya guda ba, kuma lokacin da ya fi dacewa a fara shi ne kafin rani ya yi nisa albasa ta fara fita, sa'ad da manyan motoci ke cika hanyar Kwantagora.