SANIN HALI SAI DA ZAMA

Saurayi ya je gaida surukansa karo na farko. Ya tuɓe takalma tun daga ƙofar zaure, ya durƙusa, ya sunkuyar da kai, ko me aka tambaye shi ba ya wuce kalma biyu. Da ya tashi, sai kawun yarinya ya ce lalle wannan yaro salihi ne, ko yatsa aka sa masa a baki ba zai ciza ba. Wan yarinya kuwa ya ce a'a, miskili ne, irin masu shirun nan da ba a san cikinsu ba. Su duka biyu sun yanke masa hali cikin rabin sa'a, alhali kuwa ba halinsa suka gani ba, kunyar surukuta suka gani, wadda kowane ɗan mutunci yakan yafa ta a irin wannan wuri kamar yadda yake sa babbar riga. Da za su bi shi filin ƙwallo da maraice, watakila su iske shi ne mai ƙarar murya duka.

Wannan ɗabi'a ta karanta halin mutum daga abin da ido ya gani tsohuwa ce ƙwarai. Likitocin Girka na dā, tun daga Hippocrates har zuwa Galen, sun ce jikin ɗan Adam na ɗauke da ruwaye huɗu, watau jini, da majina, da ruwan maɗaciya iri biyu waɗanda littattafan tibbu ke kira safra'u da sauda'u, kuma wanda ya rinjaya a cikinsu shi ke sa mutum ya zama mai fara'a, ko mai sanyin jiki, ko mai saurin fushi, ko mai yawan zullumi. Larabawa suna da ilmin firasa, har Fahruddin Ar-Razi ya wallafa littafi a kansa. Bahaushe ma ya ce labarin zuciya a tambayi fuska.

A wannan zamani abin ya sake sabon salo. Samari da 'yan mata masu wayar hannu sukan dubi abokin karatu ko abokin aiki su laƙaba masa haruffa huɗu na Turanci, su ce wane INTJ ne, wance kuwa ESFP ce, shi ke nan an gama da shi. Asalin waɗannan haruffa shi kansa daga kallon suruki ya fito. Cikin 1917 wata mata a Amurka, Katharine Briggs, 'yarta Isabel ta kawo mata saurayin da za ta aura, Clarence Myers. Matar ta lura tunanin yaron da yadda yake ɗaukar al'amura sun sha bamban da na mutanen gidanta, sai ta shiga karance-karance don ta gane irinsa. Cikin 1923 aka fassara littafin wani likitan ƙwaƙwalwa na ƙasar Suwizalan, Carl Jung, zuwa Turanci, wanda ya yi magana a kan rabe-raben halayen mutane, ta karanta, ta riƙe shi da hannu biyu. Lokacin Yaƙin Duniya na Biyu Isabel ta mai da wannan ra'ayi jerin tambayoyi, aka buga littafin jagoransa cikin 1962. Daga uwar har 'yar babu wadda ta yi karatun ilmin halayyar ɗan Adam a jami'a.

Ma'aunin nasu tambayoyi huɗu yake yi. Mutum mai son shiga jama'a ne ko mai son kaɗaita? Mai riƙo da abin da ya gani ya taɓa ne, ko mai hangen abin da ke bayansa? In zai yanke shawara, hujja yake bi ko zuciya? Mai son tsara komai tun da wuri ne, ko mai bari sai yadda ta kaya? In aka haɗa amsoshin sai a sami iri 16. Abin yana da daɗin hira, yakan kuma tuna wa mutum cewa ba kowa ne irinsa ba. Amma fa masana sun daɗe suna nuna rauninsa. Yawancin mutane a tsakiya suke, ba can ƙurya ba, don haka mutane da yawa in suka sake amsa tambayoyin bayan 'yan makonni sai haruffansu su sauya. Jung da kansa ya faɗa cikin wata hira a 1957 cewa babu mutumin da ya zama zallan mai son jama'a ko zallan mai kaɗaita. To, in mai hali da bakinsa ya amsa tambayoyi, amsar ta ƙi tsayawa wuri ɗaya, ina ga wanda ya hango shi daga nesa ya cika masa takardar?

Babban tarkon da mai hasashe ke faɗawa shi ne mance halin da ake ciki. Cikin 1973 wasu masana biyu, John Darley da Daniel Batson, suka buga sakamakon wata jarrabawa da suka yi wa ɗaliban makarantar horar da limaman coci a Princeton ta Amurka. An ce wa kowane ɗalibi ya tafi wani gini ya yi ɗan jawabi, wasunsu ma a kan labarin Basamariyen kirki wanda ya taimaki mutumin da aka yasar a hanya. Wasu aka ce musu sun makara, su yi sauri, wasu kuwa aka ce akwai sauran lokaci. A kan hanya an ajiye wani mutum a zube, yana tari yana nishi. Cikin waɗanda ba su cikin hanzari, kashi 63 bisa ɗari suka taimaka, cikin masu sauri kuwa kashi 10 kacal. Wanda ya tsaya a gefe yana kallo zai rantse ya ga masu tausayi da marasa imani, alhali agogo ne ya raba su. Cikin 1977 wani masani, Lee Ross, ya raɗa wa wannan kuskure suna, watau jingina wa halin mutum abin da matsin lokaci da wuri suka jawo. Abin mamaki kuma, mutum ba ya yi wa kansa haka. In shi ya wuce bai yi sallama ba, ya san abin da ya dame shi, in wani ya wuce shi kuwa, sai ya ce girman kai ne.

Wannan ba ya nufin hali ƙarya ne. Hali zanen dutse ne, gaskiyar Bahaushe, sai dai ba a karanta zanen da kallo ɗaya. Tun cikin 1928 Hugh Hartshorne da Mark May suka jarraba dubban 'yan makaranta a Amurka, suka ga yaron da ya saci amsa a aji ba lalle ne ya yi ƙarya ko ya ɗauki kuɗi a wani wuri ba. Daga baya, cikin 1979, Seymour Epstein ya nuna cewa in aka bi mutum kwanaki da yawa aka tara abin da yake yi, sai hali ya fito sarai. An kuma lura cewa baƙo na iya gane mai surutu da mai shiru nan take, amma gaskiya da riƙon amana da haƙuri sai wanda ya zauna da mutum. Matsalar ita ce, waɗanda ba a gani da wuri su ne ake bukata. Sa'ad da Anthony Kirk-Greene ya lissafa siffofin mutumin kirki a wurin Hausawa cikin 1974, ya kawo gaskiya, amana, karamci, haƙuri, hankali, kunya, ladabi, mutunci, hikima da adalci. Babu haruffa huɗun da ke auna ko ɗaya daga cikinsu.

Fataken shanu na Sabo ta Ibadan sun san haka tun kafin a rubuta shi. Abner Cohen, wanda ya zauna da su a farkon shekarun 1960, ya bayyana yadda ake sayar wa mahauta shanu bashi, ba takarda ba sa hannu, maigida ya tsaya wa baƙonsa da ya koro dabbobi daga Arewa. In mahauci ya gudu, maigida ne zai biya. Saboda haka dillalansa ba faɗin murmushin mahauci suke dubawa ba. Suna bin diddigin wa ya biya bashin baya a kan lokaci, wa ya ci bashi a wurare da yawa, wa cinikinsa ya ja baya. Saninsu na shekaru ne, domin dukiya ce a kan layi. Haka kuma aka ruwaito cewa Sayyidina Umar, da wani ya zo yana yabon wani mutum a gabansa, ya tambaye shi ko maƙwabcinsa ne, ko sun yi tafiya tare, ko harkar kuɗi ta taɓa haɗa su. Da ya ce babu ko ɗaya, sai ya gaya masa ashe bai san shi ba.

Wanda duk zai ba da 'ya, ko ya damƙa wa yaro makullin kanti, ko ya shiga haɗin jari da wani, hasashen farko ba laifi ba ne, muddin ya riƙe shi a matsayin zato. Ya ga mutumin a wuri fiye da ɗaya, gaban manya da kuma cikin tsararsa. Ya ga yadda yake yi da wanda ba ya tsoro kuma ba ya kwaɗayin komai a wurinsa, kamar almajiri da ɗan dako. Ya tambayi wanda ya taɓa binsa bashi, da wanda suka taɓa saɓawa. In abin da ya ji ya karya zatonsa, ya saki zaton, kada ya murɗe labarin don ya dace da shi, gama wanda aka riga aka sa wa sunan miskili, ko gaisuwa ya yi sai a ce da wata a ƙasa.

Yawancin auren da ya watse da kantin da ya karye, in aka bi salsala, za a iske wani ne ya yi wa rogo kallon kitse. Akwai kuma mutanen kirki da yawa da aka hana mata ko aiki don kawai kunya ta ɗaure musu baki ranar da aka fara ganinsu. Ba a sanin maci tuwo sai miya ta ƙare, mai son sani kuwa dole ya zauna har ta ƙare ɗin.