Mutanen Maya ba su ɓace ba

1/ Jama'a, duk ɗan jagoran da ya kai ka Chichen Itza a Meksiko, ya ƙirga maka matakala 365 na dalar nan, sannan ya ce "ai Maya sun ɓace", wallahi ya cuce ka.

2/ Miliyoyinsu na nan da ransu a Meksiko da Gwatamala da Beliz, da harsuna kusan 30.

3/ Leƙa kasuwar Chichicastenango a Gwatamala ran Alhamis ko Lahadi, ka ga rigunan huipil da mata ke shafe watanni suna saƙawa.

4/ Masani na gaske har gaban masaƙiyar zai kai ka, kuɗinka ya shiga hannunta, ba aljihun dillali ba.

5/ Ina amfanin yabon kakanni, alhali jikokinsu an mai da su kayan ɗaukar hoto?