Kallon Hoto A Kan Baƙin Allo

Akwai wani tashin hankali da duk wanda ya daɗe yana ma'amala da na'ura mai ƙwaƙwalwa ya san shi. Mutum ya kunna kwamfutarsa da safe kamar yadda ya saba, yana jiran ya ga tagogi da launuka da kibiyar linzami, sai ga allo baƙi ƙirin, babu kome a kansa sai 'yan kalmomi farare da wani ɗan layi yana ta ƙyaftawa. A cikin na'urar kuwa akwai hotunan sunan 'ya'yansa, da hoton takardar filinsa, da na takardun shaidar makaranta waɗanda ya ɗauka don gudun gobara ko gara. In ya kai wa mai gyara a kasuwa, sau da yawa maganin da zai ji ɗaya ne, watau a wanke na'urar tas a zuba sabuwar manhaja. Wankin nan kuwa shi ke tafiya da hotunan baki ɗaya.

Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, a na'urar da ke aiki da babbar manhajar Linux, baƙin allon nan ba alamar mutuwa ba ne. Fuskar ado ce kawai ta faɗi, amma gidan yana nan tsaye, kayan cikinsa kuma ba abin da ya taɓa su. Ko na'urar da ke aiki da Windows ma, mai gyara na iya tayar da ita da ƙaramar Linux daga filashi ya shiga ma'ajiyarta. Sai dai tambaya ta taso: mutumin da ba shi da kome a gabansa sai haruffa, yaya zai gane cewa fayil ɗin da ke ɗauke da sunan IMG_2041.jpg takardar fili ce ba hoton akuya ba?

Kafin a amsa, ya kamata mai karatu ya san asalin allon. Lokacin da Ken Thompson da Dennis Ritchie suka fara gina manhajar Unix a ɗakin bincike na kamfanin Bell da ke Amurka a 1969, ba da allo ake magana da kwamfuta ba. Da keken rubutu ake yi, irin na gidan waya, musamman samfurin Teletype 33 wanda ya fito a 1963, mai buga haruffa 10 a daƙiƙa ɗaya a kan doguwar takarda. Daga sunan wannan keke aka samo kalmar tty, wadda har gobe ita ce sunan baƙin allon Linux. Da aka sami allon gilashi, sai aka kwaikwayi takardar. Shahararren allon nan VT100 na kamfanin DEC, wanda ya fito a 1978, yana da layi 24, kowane layi da gurbin haruffa 80. In aka lissafa, gurabe 1,920 ke nan. Shi kuwa hoton da wayar hannu ke ɗauka yau, mai ɗigo 4,000 a kwance da 3,000 a tsaye, ɗigo miliyan 12 ne cur. Ashe kuwa aiki ja ne a ce za a zuba tafki a cikin moɗa.

Hanya ta farko da masu fasaha suka bi ita ce ta dabara. Sun lura cewa haruffa ba nauyinsu ɗaya ba a ido. Ɗigon aya kusan fanko ne, harafin o ya ɗan fi shi cika, su kuwa M da @ da # sun cika gurbinsu maƙil. To, in aka yanka hoto gida-gida daidai da yawan guraben allo, aka auna hasken kowane gida, sa'an nan aka zaɓa masa harafin da ya dace da shi, mutum in ya ja da baya kaɗan ya ƙanƙance ido zai ga siffa ta bayyana. Wannan wasa ya girme wa allon kansa, don kuwa masu aika saƙo ta keken waya sun daɗe suna zana wa juna hotuna da haruffa. A 1997 wani ɗan ƙasar Cek mai suna Jan Hubička da abokan aikinsa suka fitar da AAlib, wadda ke yin wannan juyi nan take, har da hoto mai motsi. Daga baya Sam Hocevar na Faransa ya kawo libcaca, wadda ta ƙara launi.

Wadda ta fi su gwaninta yanzu ita ce chafa, ta Hans Petter Jansson, wadda ta fito a 2018. Ita ba ta tsaya kan haruffan boko ba. A cikin tsarin Unicode akwai wata alama wadda rabinta na sama a cike yake, rabin ƙasa kuma fanko. In aka ba rabin sama launi ɗaya, aka ba na ƙasa wani launi dabam, gurbi guda ya zama ɗigo biyu, 1,920 ta koma 3,840. Akwai kuma alamomin rubutun makafi, masu ɗigo 8 a kowane gurbi, waɗanda ke kai lissafin zuwa 15,360, ko da yake su ba su ɗaukar launi da yawa. Duk da haka gaskiya ɗaya ce: hoton da aka zana da haruffa inuwa ce kawai. Za a gane mutum ne ko mota, za a gane takarda ce ko gona, amma ba za a karanta abin da ke rubuce a takardar ba. Wanda ya ɗauki hoton tsohon littafin ajami na kakansa, kada ya sa rai zai bambanta wasali da ɗigo ta wannan hanya.

Hanya ta biyu ita ce ta ainihi, ita ce kuma ta cancanci a daɗe a kanta. Duk abin da ido ke gani a allo, har da su fararen haruffan, ɗigo-ɗigo ne da aka jera a wani sashe na ƙwaƙwalwar na'ura, kamar yadda masaƙi ke jera zare. A allo mai ɗigo 1,920 a kwance da 1,080 a tsaye, in kowane ɗigo ya ci bayit 4, sashen nan ya ɗan haura bayit miliyan 8. Tun a ƙarshen shekarun 1990 Linux ta buɗe ƙofa zuwa wannan sashe, ta sa mata suna /dev/fb0. Dalilin buɗe ta ma abin lura ne: wasu na'urori irin su Amiga ba su da tsarin nuna haruffa na kansu, dole sai an zana musu kowane harafi da ɗigo. Ƙofar da aka yi don a zana haruffa, sai ta zama hanyar zana hoto sosai, da cikakken launinsa, ba tare da taga ko linzami ba.

Masarrafar da ta yi suna wajen wannan aiki ita ce fbi, wadda wani Bajamushe mai suna Gerd Hoffmann ya rubuta. Kada sunan ya firgita mai karatu, ba ta da wata dangantaka da hukumar binciken nan ta Amurka. A Debian da Ubuntu da danginsu ana ɗauko ta da umarnin sudo apt install fbi, sa'an nan a rubuta fbi -a IMG_2041.jpg. Harafin a ɗin nan shi ke sa ta daidaita hoton da girman allo. Nan da nan haruffa za su ɓace, hoto ya cika allon tangaram. Alamar tarawa tana kusanto da shi, ta ɗebewa tana nesanta shi, harafin q kuma ya komar da mutum ga rubutu. In aka rubuta fbi -a *.jpg za ta jera dukan hotunan da ke cikin jakar, ana danna dogon maɓallin tazara ana wucewa ɗaya bayan ɗaya. Tana da 'yar'uwa mai suna fbgs wadda ke buɗe takardun PDF. Da yawa daga masu ƙaramar na'urar nan Raspberry Pi, wadda ta shigo kasuwa a 2012, da fbi suke juya hotunan talla ko sanarwa a allon bango, su ƙara -t 10 don kowane hoto ya tsaya daƙiƙa goma.

Amma fa tana da sharaɗi, kuma a nan ne sabon shiga ke yin tuntuɓe. Na farko, sai a kan baƙin allo na gaskiya take aiki, wanda ake shiga ta danna Ctrl da Alt da F3 tare, ba a ƙaramar tagar rubutu da ake buɗewa cikin fuskar ado ba. Na biyu, ba kowa aka yarje wa taɓa /dev/fb0 ba, sai wanda aka sa sunansa a rukunin da ake kira video. Da yawa in sun ga ta ƙi, sai su yi ta maza su buɗe hoton da ikon mai gida, watau da sudo. Wannan ganganci ne in ba a san inda hoton ya fito ba. A 2016 aka gano wata ɓaraka a shahararriyar masarrafar hotuna ta ImageMagick, wadda ke ba mugu damar ɓoye umarni a cikin fayil mai kama da hoto, da an buɗe sai na'ura ta aikata. An toshe wannan ɓaraka, amma darasin yana nan, shigar da suna a rukunin video kuwa aikin minti ɗaya ne. Har ila yau, masu kula da Linux sun daɗe da karkata ga sabon tsarin da ake kira DRM, don haka a na'urori da yawa na yanzu ƙofar fb0 kwaikwayo ce da aka bari saboda tsofaffin masarrafai.

Saura hanya ta uku, ta wanda ba ya kusa da na'urar. A ce ma'aikaci yana zaune a Sakkwato, uwar garken da yake kula da ita tana Ikko ko ma Jamus, yana shiga ta ne ta hanyar SSH, tsarin da Tatu Ylönen na ƙasar Finlan ya ƙirƙiro a 1995. In ya kira fbi, to ko dai ta ƙi, ko kuma hoton ya bayyana can a allon da ba kowa a gabansa. Abin mamaki, maganin wannan matsala ta zamani tsohon kaya ne. Tun a shekarun 1980 kamfanin DEC ya tsara wata hanya da ya kira Sixel don injunan buga takardunsa, daga baya ya sa ta a alluna irin su VT240 da VT340. Ana ɗaukar ɗigo shida a tsaye, kowane ko a kunne ko a kashe, abin da ke ba da siffa 64, sa'an nan a wakilci kowace siffa da harafi guda, tun daga alamar tambaya har zuwa alamar ~. Ta haka hoto ke tafiya a waya da rigar rubutu, in ya isa allon ya tuɓe ta. An yi shekaru ana ganin Sixel ta zama tarihi, sai ga masarrafar libsixel ta Hayaki Saito ta farfaɗo da ita, har kamfanin Microsoft ya shigar da ita cikin Windows Terminal a 2024. Tagogin rubutu irin su kitty da iTerm2 kuma sun fito da nasu tsarin. Ita chafa takan tambayi allon abin da ya iya, in ya san Sixel ta aiko da hoto sosai, in bai sani ba ta koma ga haruffa.

Ga mai sayen data da kuɗin aljihunsa, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Sauko da hotuna ɗari masu nauyin megabayit 4 kowanne don a nemo guda ɗaya ya cinye megabayit 400, alhali inuwar kowane hoto da haruffa ba ta wuce 'yan kilobayit ba.

Wani lokaci ma ba sai an ga hoton ba. Umarnin file yana faɗin ko fayil hoto ne na gaskiya ko suna kawai ya ara, exiftool kuma tana fito da ranar da aka ɗauke shi, da irin wayar da ta ɗauka, wani lokaci har da wurin da aka tsaya. Mai neman hotunan bikin da aka yi a watan Disamba na 2019 zai iya tace su da kwanan wata kafin ya buɗe ko ɗaya. Abu guda da zai iya ba Bahaushe haushi shi ne, baƙin allon Linux ba ya riƙe siffar haruffa fiye da 512 a lokaci guda, don haka sau da yawa sunan fayil mai ƙ ko ɗ ko ɓ yakan fito da wata 'yar alama a madadinsu. Fayil ɗin lafiyarsa lau, allon ne bai san harafin ba, kuma in aka rubuta farkon sunan aka danna maɓallin Tab na'ura za ta ƙarasa sauran da kanta.

Saboda haka mai na'urar da ta koma baƙin allo yana da haƙƙin ya ce wa mai gyara ya dakata da wanki. A fara kwashe jakar hotuna zuwa wata ma'ajiya ta waje, sa'an nan a buɗe kwafin da fbi a gaban mai kaya, ya ga takardar filinsa da idonsa, ya kusanto da ita har ya karanta lambar da ke jiki da sa hannun da ke ƙasa. In ya tabbatar sun fita sarai, sai a wanke na'urar.