Ba Sanyi Ne Ya Kayar da Hitila a Ƙofar Mosko Ba

Idan aka zo hirar Yaƙin Duniya na Biyu, da wuya a tashi wani bai ce sanyin Rasha ne ya ci Hitila ba. Masu wannan ra'ayi sukan jero da'awarsu tiryan-tiryan: wai Hitila bai afka wa Tarayyar Sobiyet ranar 22 ga Yuni 1941 ba sai don Stalin na shirin far masa, da bai ɓata lokaci a Girka da Yugoslabiya ba, da ya isa Mosko kafin hunturu, da ya saki wa janar-janar ɗinsa mara, da an gama, sannan dusar ƙanƙara ta zo ta ƙwace nasarar da ta riga ta shiga hannu. Maganar tana da daɗin ji, amma in aka aza ta kan ranaku da alƙaluma ba ta tsayawa. Ya kamata kuma a san cewa mafi yawanta ta fito ne daga bakin janar-janar ɗin da aka ci da yaƙi, irin su Guderian da Manstein, da Franz Halder wanda bayan yaƙi ya shafe shekaru yana taya sojan Amurka rubuta tarihinsa. Wanda ake tuhuma ne aka miƙa wa alƙalami ya rubuta hukunci.

Da'awar riga-kafi ita ce hujjar da gwamnatin Jamus ta bayar a ranar harin, daga baya Viktor Suvorov, tsohon jami'in leƙen asirin Sobiyet da ya gudu Ingila, ya farfaɗo da ita. Abin da ke rushe ta takardun Jamus ne da kansu. Tun 31 ga Yuli 1940 Hitila ya shaida wa hafsoshinsa cewa zai murƙushe Rasha, ya sa hannu a kan umarnin harin ranar 18 ga Disamba na shekarar. Burin mallake ƙasar gabas kuwa ya rubuta shi a littafinsa Mein Kampf tun shekarun 1920. A lokacin shirin harin kuma yana son alkamar Yukren da man fetur ɗin Kokeshiya, yana kuma ganin in Rasha ta faɗi Ingila za ta sare. Gaskiya ne janar ɗin Sobiyet Zhukov ya tsara wata shawara ta fara kai hari a watan Mayu 1941, sai dai babu shaidar cewa Stalin ya amince da ita. Abin da aka tabbatar shi ne ya yi watsi da gargaɗin 'yan leƙen asirinsa, ciki har da Richard Sorge daga Tokiyo, kuma taragun hatsi da mai na Sobiyet suna ta tsallakawa Jamus, bisa yarjejeniyar cinikin da ke tsakanin ƙasashen biyu, har daren harin. Mai shirin kai farmaki ba ya barin jiragensa jere a fili. A ranar farko kaɗai an ragargaza kusan 1,200, yawancinsu ko tashi ba su yi ba.

Batun Girka ba ya buƙatar dogon bayani. An so a kammala shiri a tsakiyar Mayu, aka fara a ƙarshen Yuni, wannan haka ne. To amma a waccan shekarar kogunan gabashin Polan sun yi ambaliya har cikin Yuni, motoci da filayen jirage ma ba su gama haɗuwa ba. Ko ba a je Girka ba, 'yan makonnin da za a samu ba su kai su sauya lissafi ba.

Sai zancen da janar-janar suka fi so, cewa Hitila ya yi wauta da ya karkatar da tankokin Guderian zuwa Kiyef a watan Agusta maimakon Mosko. A nan sai a tambaye su: da wane mai za su tafi, kuma wa za su bari a bayansu? A Kiyef an kama sojojin Sobiyet fiye da 600,000. Da ba a yi wannan yaƙin ba, da wannan tarin mayaƙa suna nan a gefen rundunar da ke dosar Mosko. Ƙari a kan haka, kama birnin ba shi ne ƙarshen yaƙi ba. Napoliyon ya kwana a cikinsa a 1812, ya fita da kunya. A Oktoba 1941 an riga an kwashe ma'aikatun gwamnati zuwa Kuybyshev, kafin ƙarshen shekarar kuma an ɗebe manyan masana'antu fiye da 1,500 a jiragen ƙasa zuwa tsaunukan Ural da Saibiriya da Kazakistan.

Yanzu ga uwar da'awar, wato sanyi. An tsara harin ne a kan cewa za a gama da sojan Sobiyet a bakin iyaka cikin 'yan makonni. Ranar 3 ga Yuli Halder, babban hafsan sojan ƙasa, ya rubuta a kundinsa cewa an ci yaƙin cikin mako biyu. Ranar 11 ga Agusta, ana tsakiyar zafi, shi ɗin dai ya rubuta cewa sun yi lissafin rundunoni 200 ne, ga shi sun ƙirga 360. Wannan ikirari ya zo wata biyu kafin a ga ƙwayar dusar ƙanƙara. Gumurzun Smolensk ya tsayar da rundunar Jamus ta tsakiya, mai dosar Mosko, makonni. Tankokin Sobiyet na T-34 da KV sun zo wa Jamusawa da ba-zata. Kafin ƙarshen Nuwamba, waɗanda aka kashe ko aka raunata ko suka ɓata daga ɓangaren Jamus sun haura 700,000.

Ga kuma matsalar jigila, wadda masu labarin sanyi ba sa son taɓawa. Sojoji sama da miliyan 3 suka shiga, amma yawancinsu a ƙafa, kayansu a kan dawakai kimanin 600,000. Layin dogon Rasha ya fi na Jamus faɗi, dole sai an sake gyara shi kilomita bayan kilomita. Jami'an da ke kula da guzuri sun yi gargaɗi tun kafin a tashi cewa motocinsu ba za su iya ciyar da runduna ba in ta yi nisan da ya wuce kimanin kilomita 500. Mosko kuwa ta ninka haka. Ruwan kaka ya mai da hanyoyi taɓo a Oktoba, sanyi ya biyo baya, ya kashe mutane da injuna, babu mai musun haka. Amma kayan sanyin sun maƙale a baya ne domin jiragen ƙasan da ke akwai ba su isa ɗaukar harsashi da mai da tufafi a lokaci guda ba. Hunturu kuma yana zuwa Rasha duk shekara. Wanda ya shiga ba tare da tanadinsa ba ya yi ne don ya raina abokin gaba. Ranar 5 ga Disamba Zhukov ya mai da martani a cikin wannan sanyin dai, da sababbin rundunonin da Jamus ta ɗauka babu su.

Rainin yana da tushe. Stalin ya karkashe hafsoshinsa daga 1937, har da uku cikin manyan mashal biyar, sojansa kuma ya sha wuya a hannun ƙaramar Finlan. Laifinsa ne ya jawo asarar watannin farko, babu mai wanke shi. Sai dai Jamusawa sun haɗa wannan da aƙidarsu ta cewa mutanen gabas ƙasƙantattu ne, suka toshe kunne daga duk rahoton da ya saɓa.

Wannan aƙidar ce labarin sanyi yake rufewa, kuma tana cikin manyan dalilan faɗuwar. A Yukren, inda yunwar 1932 zuwa 1933 ta kashe miliyoyi, akwai ƙauyukan da suka tarbi Jamusawa da murna. Abin da suka tarar shi ne shirin ƙwace abinci da aka tsara tun a Balin, da sanin cewa miliyoyi za su mutu. A Babi Yar, kusa da Kiyef, an harbe Yahudawa 33,771 cikin kwana biyu a ƙarshen Satumba. Cikin fursunonin yaƙi fiye da miliyan 3 da aka kama a 1941, kimanin miliyan 2 sun mutu kafin Fabrairu 1942, yawanci da yunwa, kuma a hannun sojan ƙasa suke, ƙarƙashin waɗannan janar-janar ɗin. Da labarin sansanonin ya bazu, sojan Sobiyet da aka yi wa ƙawanya ya daina ganin miƙa wuya a matsayin mafita, waɗanda suka tsere kuma suka shiga daji suna fasa layin dogon da Jamus ta dogara da shi.