Muna sayen data muna kallon na wasu, namu na ruɓewa a akwati

Jama'a, duk sanda aka tada maganar waya da TikTok, kuka ɗaya muke yi: tarbiyya ta lalace, gwamnati ta hana, malamai su yi wa'azi. Ban ce babu gaskiya a ciki ba. Amma akwai wata asara da ta fi damuna, wadda ba kasafai ake zancenta ba, kuma babu hukumar da za ta tare mana ita.

Mu tuna yadda abin ya juya. A 1990 aka fitar da Turmin Danya a Kano, daga nan fim ɗin Hausa na kaset ya kafu. Shekara da shekaru, mai fim sai ya bi ta hannun 'yan kasuwar Ƙofar Wambai, a buga kaset, daga baya CD, a loda a mota. Mu nan sai ya sauka Jega kafin ya shigo mana Aliero, Sabiyal da Maiyama. Sai masu turi suka zo da kwamfuta ɗaya a shagon caji, a cika maka memori da kuɗin da bai taka kara ya karya ba. Kasuwar CD ta mutu murus. A 2014 Arewa24 ta buɗe, aka saba da shiri mai dogon zango irin Daɗin Kowa, daga nan su Izzar So da Labarina suka mamaye YouTube.

To yanzu mai fim ya daina sayar maka da kaset, lokacinka yake sayar wa masu talla. YouTube ba ta fara raba kuɗin talla da kai sai ka tara mabiya 1,000 da awa 4,000 na kallo cikin shekara guda, ko miliyoyin kallo a gajerun bidiyo. Shi ya sa labarin da zai ƙare a fitowa goma ake jan shi har ka gaji. TikTok kuwa ba ruwanta da kyau ko muni, lissafi take: daƙiƙa nawa ka tsaya, sau nawa ka maimaita, mutum nawa ka tura wa. Wanda ya tura bidiyon banza a guruf yana "ku ga lalacewa, Allah wadai", wallahi talla ya yi masa kyauta. Kano na da hukumar tace fina-finai tun 2001, an kama, an ci tara, a 2022 kotu har bulala ta sa aka yi wa wasu 'yan TikTok. Abin ya tsaya? Ƙofar da ake tsaro a da guda ce, yau kowane aljihu ƙofa ne.

Ga inda nake son mu tsaya. Yaro a garuruwanmu ya san sunan kowane jarumi, ya haddace fassarar Indiya-Hausa, ya san wa ya koma wace ƙungiya a Ingila. Tambaye shi Sani Aliyu Ɗandawo, ɗan jihar nan tamu, sai ya tsaya yana kallonka. Har harshenmu ya fara jin jiki: a fim, mai cewa "mi kaka so" ko "wanga" galibi shi ne baƙauyen da ake yi wa dariya, har yaranmu sun fara jin kunyar maganar iyayensu suna karya harshe zuwa Kananci.

Narambaɗa, Ɗanƙwairo, Ɗan Anace da Shata muna jin su yau ne don wani ya ɗauki muryarsu, gidajen rediyo suka adana. Makaɗan noma na ƙauyukanmu fa? Kirarin 'yan kokawa bayan kaka? Waƙoƙin daɓe da na niƙa da iyayenmu mata ke yi kafin injin ya zo? Wasannin tashe na asali? Duk tsohon da aka kai makwanci, da nasa yake tafiya. Kaset ɗin bikin da aka ɗauka shekara talatin baya yana cikin akwati, zafi da ƙura na cin sa.

Abin takaicin, ba a taɓa samun lokacin da adanawa ta yi arha kamar yanzu ba. Wayar da muke kallon rawa da ita ta fi kyamarar da aka ɗauki fina-finan farko. Ku dubi dambe: da aka fara ɗora shi a YouTube, mutanen da ba su san inda Arewa take ba sun zama 'yan kallo. Ashe abin namu na da kasuwa, mai kai shi ne babu.

Na san wani zai ce shi ba ruwansa da kiɗa. Na ji, ajiye kiɗan. Tarihin kafuwar garinku fa, daga bakin dattawa? Waƙoƙin wa'azi na ajami da malamanmu ke rerawa? Yadda masu ɗorin Aliero suka gaji sana'arsu? Dabarun adana albasa da manomanmu suka ƙware a kai? Wanne ne haramun a ciki?

Ni ma'aikaci ne, na san yadda fayil ke kwana a kan tebur, don haka kada mu jira kasafin kuɗi. Ɗalibanmu na jami'ar Aliero da matasan da suka iya haɗa bidiyo, ku ware yini ɗaya a wata ku zauna da tsoho ɗaya. Ku nemi izininsa, ku rubuta sunansa da garinsu da shekarar da aka ɗauka, in kuɗi ya shigo a ba shi haƙƙinsa. Mai tsohon kaset ya fito da shi a mayar cikin kwamfuta. Mu kuma masu data, in sun ɗora mu kalla har ƙarshe, mu tura, tunda manhajar abin da muka tsaya a kai take ɗagawa.

A garinku wane tsoho ne ya kamata a fara da shi? Ku faɗi, ƙila wani yaro mai waya na kusa da shi. Allah Ya jiƙan magabatanmu, Ya sa mu dace.