Kafin Mu Miƙa Kanmu, Mu Buɗe Bakinmu



Duk wanda ya tashi a Kurawa ya san yadda gari yake komawa idan Sallah ta rage kwana uku. Gidajen masu kitso sun cika, masu lalle ba su da wurin zama, shagunan aski kuwa sai an bi layi har dare. Wasunmu ma har Sabon Birni ko Isa suke zuwa don a gyara musu kai. Wannan abu ne mai kyau, domin tsafta da ado ba laifi ba ne. Amma akwai wata ɗabi'a da muke so mu gyara: mukan zauna, mu miƙa kai, mu yi shiru. Ba mu tambayar abin da za a shafa mana, ba mu duba abin da za a yi mana aski da shi, kuma ko kitso ya yi zafi sai mu cije. Ra'ayinmu a wannan Kulob na 'Yan Jarida shi ne, wanda ya yi tambaya kafin a taɓa kansa shi ne kwalliyarsa take biyan kuɗin sabulu.

Mu fara da launi, tunda shi ne ya fi jan hankali yanzu. Lallen da iyayenmu suka sani ganye ne. A busar da shi, a daka, a kwaɓa, a ƙunsa. Launinsa ja ne mai duhu, kuma sai ya yi awanni kafin ya kama. Babu itacen lalle da yake ba da baƙi. To me ke cikin baƙin lalle, wanda ake kira dayis, da yake kamawa tun kafin awa guda ta cika? Galibi wani sinadari ne da ake kira PPD, wanda ake yin rinin gashi da shi a masana'antu. A ƙasashen Tarayyar Turai doka ba ta yarda ya wuce kashi 2 cikin 100 ba a rinin da ake sa wa a gashi, hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka kuma ba ta amince a zana shi a fata ba. Amma garin da ake ƙullawa a leda, babu suna babu kwanan wata, wa ya auna abin da ke cikinsa?

Haɗarin PPD shi ne ba ya nuna kansa nan take. Mutum zai iya amfani da shi sau da yawa lafiya lau, sai rana ɗaya jiki ya ƙi shi. Fatar kai ta yi ƙaiƙayi, ta yi ƙuraje masu ruwa, fuska da ido su kumbura. Wani lokaci bayan kwana ɗaya zuwa uku, wani lokaci sai bayan mako guda ko biyu, lokacin da an manta da maganar rinin. Idan kuwa jiki ya riga ya ƙi shi, yawanci ƙin ya zauna ke nan har ƙarshen rayuwa. Wadda aka zana wa baƙin lalle a hannu tana ƙarama za ta iya gamuwa da kumburi ranar da ta rina gashi bayan ta girma. Haɗiye shi kuma guba ne mai kisa. Likitoci a Sudan sun daɗe suna ba da rahoton yaran da suka mutu ta dalilinsa. Don haka ba abin ajiyewa kusa da ƙannenmu ba ne.

Mu tuna inda muke. Idan fuska ta kumbura ko numfashi ya yi wuya, dole a nemi asibiti da gaggawa. Daga nan zuwa Babban Asibitin Sabon Birni tafiya ce, balle a ce sai Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, kuma kowa ya san halin da hanyoyinmu suke ciki a shekarun nan. Bai kamata ɗalibi ya jefa iyayensa cikin wannan wahala, ko ya rasa jarrabawa, saboda launin da ba zai wuce 'yan makonni ba.

To mene ne abin yi? Na farko, a nemi ganin kwalin rinin. A duba lambar hukumar NAFDAC, a duba ranar da zai lalace, a karanta abin da aka haɗa shi da shi. Turancin da muke koya a aji ranar amfaninsa ke nan. Na biyu, a yi gwaji kamar yadda kamfanonin rini da kansu suke rubutawa a takardar da ke cikin kwali: a shafa ɗan kaɗan a bayan kunne ko a lanƙwasar hannu, a jira awa 48. In wurin ya yi ja, ko ƙaiƙayi, ko kumburi, to magana ta ƙare, ba a sa shi. Wannan yana nufin wanda ya je a ranar jajibere ya riga ya makara. Na uku, mai son gashi mai duhu yana da hanyar kakanni. Matan Hausa sun daɗe suna sa shuni a kitso, kuma idan aka sa lalle sannan aka bi shi da garin ganyen baba, gashi yakan yi duhu ba tare da PPD ba. Baba dai shi ne ganyen da marinar Ƙofar Mata ta Kano take rini da shi, marinar da ake danganta kafuwarta da shekarar 1498. Sai dai ko jan lalle ba a sa wa jarirai, domin yana iya cutar da jinin wasunsu.

'Yan uwanmu maza, kada ku ce wannan maganar mata ce. Mun san da yawa suna sha'awar kan Victor Osimhen, gwarzon ɗan ƙwallon Afirka na 2023. Amma baƙin gashi ba ya komawa ruwan gwal sai an sa masa sinadarin da zai cinye baƙinsa gaba ɗaya. Wannan yana busar da gashi, yana sa shi karyewa, yana iya ƙona fatar kai. Baƙin ba ya dawowa sai sabon gashi ya tsiro, gashi kuwa tsawon da yake ƙarawa a wata bai wuce kamar santimita 1 ba. Ga dokar makaranta, wadda za ta sa a aske shi tas ranar da aka dawo hutu. An yi asarar kuɗi, an yi asarar gashi. Malaman Islamiyya ma suna da bayani a kan askin da ake aske wani ɓangare a bar wani, da kuma rini da baƙi. Mu je mu tambaye su.

Abin da ya fi launi haɗari a wurin aski shi ne ƙarfen da yake taɓa fata. Injin aski da reza da aska suna yin ƙananan yanka da ido ba ya gani. Ƙwayar cutar ciwon hanta nau'in B tana iya rayuwa a wajen jiki aƙalla kwana 7, kuma ta fi ƙwayar HIV saurin yaɗuwa nesa ba kusa ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2022 mutum miliyan 254 ne suke ɗauke da ita a duniya, miliyan 65 daga cikinsu a yankin Afirka, kuma akasarinsu ba su sani ba. Najeriya ta sa allurar rigakafinta cikin rigakafin yara tun 2004, amma ba kowannenmu aka yi wa ba. Shafa wa inji kananzir ko fetur ba ya kashe wannan ƙwayar. A nemi sabuwar reza da za a buɗe a gabanka. A nemi a kakkaɓe inji, a wanke bakinsa da sipirit sosai, a bar shi ya bushe. Gidan da yake da samari da yawa, su haɗa kuɗi su sayi injinsu, mai aski ya yi musu aiki da shi. Makero da kwarkwata ma ta mataji da tawul suke bi, don haka kowa ya tafi da nasa.

Sai maganar kitso. An saba cewa kitson da ya ɗaure tamau shi ne mai daɗewa. Amma kitson da yake hana barci, ko ya tayar da ƙananan ƙuraje a goshi, yana tumɓuke gashi ne daga tushe. Idan aka yi shekaru ana haka, gashin gaban goshi yakan tafi, wani lokaci ba ya dawowa. Gashin doki mai nauyi yana ƙara wannan ja. Man miƙar da gashi, wato rilaksa, shi ma sai da lura, domin wasunsu suna ɗauke da irin sodar da ake haɗa sabulu da ita. Ba a sa shi a kan da aka sosa ko yake da miki, ba a wuce mintunan da aka rubuta, kuma ba a haɗa shi da rini rana ɗaya. A watan Oktoba 2022 wani binciken gwamnatin Amurka da ya bibiyi mata sama da 33,000 ya gano cewa masu sa irin wannan mai fiye da sau huɗu a shekara sun ninka waɗanda ba su sa wa wajen kamuwa da kansar mahaifa. Binciken bai tabbatar da cewa man ne sanadi ba, amma ya ishe mu dalilin rage shi. Karkashi da ganyen magarya da man kaɗe suna nan, kuma sun fi araha.

Mun san abin da wasu za su ce: mai kitson nan sa'ar mahaifiyarmu ce, wanzamin nan shi ya yi mana askin suna, yaya za mu tsare su da tambaya? Gaskiya ne, kuma ba mu ce a yi musu rashin kunya ba. Akwai yadda ake magana. “Inna, don Allah a sassauta mini ta goshin nan.” “Yaya, ga rezata na zo da ita.” “Baba, a taimaka a wanke injin.” Babu mai sana'ar kirki da zai yi fushi da wannan, domin sunansa yake karewa. Yawancinsu ma ba da gangan suke yi ba. Babu wanda ya taɓa karanta musu abin da ke jikin kwalin. Mu da muke makaranta mu ne ya kamata mu karanta musu.

Su ma suna da haƙƙi a kanmu. A je da kai tsefaffe, wankakke. A faɗi irin kitson ko askin da ake so tun kafin a fara, shuku ne ko zane ko kalaba, kada sai an kai rabi a ce ba shi ba ne. A yi ciniki tun farko, a biya a kan lokaci. A je da wuri, domin mai kitson da ta yi kai goma sha biyar tun safe ba za ta ba na ƙarshe irin kulawar da ta ba na farko ba.

Muna roƙon malamanmu na kimiyya da na kiwon lafiya su ware darasi guda a kan wannan kafin hutun Sallah, a kawo kwalin rini aji a karanta shi tare. Muna kuma roƙon shugaban makaranta ya gayyato ma'aikacin lafiya ya yi mana bayanin gwaji da allurar ciwon hanta. Mu kuma ɗalibai, kowa ya kai wannan saƙo gida, ya faɗa wa yayarsa da ƙanensa. In kunne ya ji, jiki ya tsira.

Allah Ya nuna mana Sallah lafiya.

Kulob ɗin 'Yan Jarida