Ba Da Kowace Tsohuwar Zuma A Ke Magani Ba

Kwanan baya na je kewayen makarantu, na tarar ɗalibai a wata makarantar horon malamai sun mai da littafin nan Jiki Magayi wasan kwaikwayo. Da aka tashi sai gardama ta kaure tsakaninsu. Waɗansu suka ce Abubakar ya yi daidai, tun da shi aka fara zalunta. Waɗansu suka ce a'a. Na yi shiru a sa'an nan, amma maganar ta tsaya mini a rai, shi ya sa na ga ya kamata in kawo ta gaban jama'a.

Malamai sun san littafin, amma bari in tuna wa wanda ya manta. Yana cikin littattafai biyar da suka fito bayan gasar da Hukumar Fassara ta Zariya ta shirya a 1933, tare da Ruwan Bagaja, da Ganɗoki, da Shaihu Umar, da Idon Matambayi. Malam John Tafida na Wusasa ne ya rubuta shi, shi da Dokta R. M. East. Labarinsa kuwa ga shi a taƙaice. Abubakar da Zainabu suna son juna. Wani attajiri, Malam Shaihu, wanda Allah bai ba shi haihuwa ba, ya yi mafarki cewa in ya auri Zainabu zai sami ɗa. Ya sa dukiya ya raba su. Abubakar ya kasa haƙura, ya shiga duniya neman asirin da zai rama. Asirin ya faɗa wa ɗan da Zainabu ta haifa, watau Kyauta, ya tashi ɓarawo, har ya zama sanadin ajalin ubansa.

To, jama'a, wa ya ci riba? Malam Shaihu ya sami ɗan da ya ke nema, ɗan ya zame masa baƙin ciki. Abubakar ya rama, amma bai sami Zainabu ba. Zainabu ta ga ɗanta ya lalace a kan idonta. Wanda ya fi kowa shan wuya kuwa shi ne yaron da ba a ko haife shi ba sa'ad da aka yi rigimar.

Ni a ganina laifin kashi biyu ne, kuma lalle a faɗe su duka. Na fari yana wuyan attajirin da iyayen da suka buɗe masa ƙofa. Shari'a ta hana mutum ya nemi aure a kan neman ɗan'uwansa bayan an daidaita. Wanda ya ga an yi wa yarinya baiko, ya zo da kuɗi ya ture maganar, ya sani jikinta kaɗai zai kai ɗakinsa. Uban da ya karɓi dukiya bai tambayi 'yarsa ba, shi ma ya shuka abin da jikokinsa za su girba.

Laifi na biyu yana wuyan Abubakar, kuma a nan ne na saɓa da ɗaliban da suka goyi bayansa. An cuce shi, ba shakka. Amma tun ranar da aka shafa fatiha Zainabu ta zama matar wani, ba shi da sauran hakki a kanta. Abin da ya riƙe a zuciyarsa daga ranar nan ya daina zama ƙauna, ya koma ƙullaci, don mai ƙaunar mace ba ya cutar ɗan da ta haifa. Masu iya magana sun ce kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba.

Abin da ya sa na damu shi ne, tun da littattafan soyayya suka yawaita a Kano wajen 1980 zuwa 1990, finafinan Hausa kuma suka biyo baya, wannan jigo bai bar mu ba. Sau da yawa a kan nuna tsohon saurayi a matsayin gwarzo, yana kewaya gidan matar aure, mai kallo yana ta addu'a auren ya mutu. A kan rufe labari ran biki, ba a nuna mana 'ya'yan da aka bari a gidan farko. Jiki Magayi ya fi su faɗin gaskiya, don ya bi maganar har inda ta ƙare.

Wani zai ce ai da tsohuwar zuma a ke magani. Haka ne, amma a inda ya halatta. In aure ya mutu don kansa, mace ta gama idda, tsohon manemi ya fito ta ƙofar iyaye, ba mai zarginsa. Wanda mu ke ƙi shi ne mai tsayawa bayan danga yana aike, yana hure wa matar mutane kunne.

Saboda haka ina roƙon malamai 'yan'uwana, in kun zo karantar da littafin nan kada ku tsaya ga nahawu da karin magana kaɗai. Ku tambayi yara inda kowane mutum cikin labarin ya kuskure, da abin da ya kamata ya yi. Ku kuma iyaye, ku ji ta bakin 'ya'yanku tun ba a raba goro ba. Allah ya ba mu haƙurin barin abin da ba rabonmu ba ne, amin.